Ƙunar Sakinatu

Ni na wanke gawar Sakinatu, shi ya sa tun ranar farko ban yarda da maganar unguwa ba.

Maganar unguwa kuwa ɗaya ce: yayata Indo, wadda kowa ke kira Gogo, ta dafa yarinyar da ruwan wankan jego. A shekarar da ake shimfiɗa bututun man fetur zuwa bakin teku ne. Muna zaune a bayan Kasuwar Libiya ta Umdurman, mu Hausawan da iyayenmu suka tsufa a gonakin audugar Jazira. Duk wadda ta haihu a cikinmu, Gogo ce ke tafasa mata ruwa safe da yamma, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mata har ta yi arba'in. Maƙwabtanmu Larabawa sun daɗe da ɗaukar abin hauka irin tamu. Ni ma ban taɓa sonsa ba. Duk tsawon shekarun da na yi ina koyar da kimiyya a makarantar 'yan mata, babu sallar da ta wuce ba mu yi cacar baki da Gogo a kan ruwan nan ba.

Sakinatu, matar wani matashin unguwarmu Jibrin, ta haihu lafiya. Kafin suna ta fara amai. Nono ya ƙafe, aka kai jaririn can ƙarshen unguwa wurin Awadiyya, wata Balarabiya mai shayarwa. Daga nan gashinta ya riƙa bin mataji, dasashinta na zubar da jini, gyambo ya buɗe mata a ƙugu. Da aka kai ta asibiti a Soba ba ta jima ba.

Abin da na gani a wurin wanka shi ne rauni biyu, ɗaya a kowane kwankwaso, kewayayyu, faɗin tafin hannu, tsakiyarsu baƙa ƙirin ta zurma ciki. Ruwa gangarowa yake yi. In zai ƙona mai jego, da kafaɗa da gadon baya zai fara, inda ganye ke sauka. Bayan Sakinatu kuwa sumul yake.

*

Na je na faɗa wa surukinta, Malam Lawal, a zauren da ake karɓar gaisuwa. 'Ya'yansa biyu na gefensa: Jibrin mijin marigayiya, da ƙanensa Jafaru, direba ne a wani kamfani na aikin bututu, wanda aka ce bai samu jana'iza ba don yana kan hanya.

Malam ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, “Malama Kubra, ke da bakinki kika sha gaya mana ruwan nan wata rana zai kashe wata. Yau da ya kashe, sai ya zama ba shi ba ne, don yayarki ce?”

“Na ce zai iya kisa, Malam. Ban ce duk wadda ta mutu shi ya kashe ta ba.”

“To wa ya shiga ɗakin yarinyar muna maƙabarta?”

Ashe akwai wannan. Lokacin da maza suka tafi kai ta, mata kuma suka taru a gidan maƙwabta don tsakar gidan Malam ba ta da faɗi, wani ya hauro katangar baya ya birkice ɗakin jegon. Ya farke katifa, ya zazzage akwati, bai ɗauki ko ɗan kunne ba. Unguwa ta riga ta yanke: Gogo ce ta aiko a kwashe mugun abin da ta binne.

“Ina jiran sadakar bakwai ne kawai,” in ji Malam. “Ana shafa fatiha zan miƙa ta ga 'yan sanda. Ki gaya mata ta shirya.”

Zan fita Jibrin ya biyo ni. Idonsa jawur. Ya ce a hankali, “Inna, akwai sawu ɗaya a gindin katanga. Na kifa masa kwano, kamar yadda muke yi a Jazira in an saci akuya. Ban san dalilin da ya sa na yi ba.”

Na ce, “Ni na sani. Kada ka bari kowa ya ɗaga.”

*

A kasuwar dabbobi na samo Dogo mai bin sawu. Sunan tsokana ne, bai kai kafaɗata ba. Ɓatattun raƙuma da shanun sata yake bi, 'yan sanda ma sukan aiko a kira shi in abu ya shige musu duhu.

Ya ɗaga kwanon, ya tsuguna ya daɗe, yana karkata kai don inuwa ta faɗa cikin sawun.

“Namiji ne, matashi. Silifa ce irin wadda rabin Umdurman ke ja, Allah ya isa tsakanina da masu sayar da ita. Yana jefa ƙafar hagu waje. Kuma ya shigo da kaya mai nauyi a hannun dama.”

“Ya fita da kaya dai, kake nufi.”

“Na ce ya shigo. Ustaza, in kin iya aikin, ki karɓa, ni in je in koyar da 'yan mata.”

Ya leƙa ɗakin, ya zagaya bayan katanga. Awaki da masu zuwa gaisuwa sun tattake lungun tas. Ya tofar da yawu, ya ce, “Ɓarawon da ya zo da kayansa, ya koma da kayansa. Wannan ban taɓa gani ba. Mu je in ga tsohuwar.”

*

Gogo na gidana tun ranar jana'iza, don an fara jifar ƙofarta. Muka same ta a kan tabarma tana jan carbi, hankalinta kwance kamar ba ita ake shirin ɗaurewa ba.

Dogo ya gaishe ta ya ce, “Gogo, ruwan nan ya wuce ƙa'ida ne?”

“Yaro, uwarka ma in a Jazira ta haife ka, ƙila ni na yi mata. Da gwiwar hannuna nake auna ruwa. Wanda zai ƙona ta sai ya fara ƙona ni.”

Ni na karɓi tambayar. Wane ganye? Darbejiyar ƙofar masallaci. Wa ke ɗebo ruwa? Mai jakin da ke ɗebo wa kowa. Me take ci? Gasasshen nama da kunun kanwa. Gyambon fa, yaushe ya fara? Ta ce ja ya fara yi a dama, kamar an mare ta, daga baya ya bayyana a hagu. Ta shafa man shanu, ta shafa zuma, abin sai ci yake.

“Kanwar daga ina?” in ji Dogo.

“Wurin Mainasara mai magani. Ya ce sabuwa ce, daga yamma.”

Na tambaye ta duk abin da na san ana tambaya: abin da ya shiga bakin yarinyar da abin da aka zuba mata a jiki. Duk ta amsa ba gargada.

*

Rumfar Mainasara tana can cikin Kasuwar Libiya, matse tsakanin masu sayar da rediyo da masu gwanjo. Da ya ji abin da ya kawo mu sai ya miƙe tsaye.

“Kanwata? Hajiya, ki ji tsoron Allah! Mata nawa suka sha ta a watan nan?” Ya gutsuri wani ɓari ya jefa a baki, ya tauna fuska a yamutse. “Ga shi. In na mutu ku zo ku kama ni.”

Na ɗauki kaɗan na sa a jaka duk da haka. Amma na san babu kanwar da za ta huda kwankwaso daga waje. Dogo kuwa ko fuskar mutumin bai kalla ba. Da muka fito ya ce, “Ƙafarsa kamar faranti. Wannan ko an ɗora shi a kan katanga sai an sauko da shi.”

A cikin motar komawa na ce masa ko mu duba Jibrin, tunda an ce sun yi 'yar hatsaniya da matar kafin ta haihu.

“Shi ya shiga kabari ya karɓe ta, mutum ɗari sun gani. Kuma mai laifi ba ya kifa wa sawu kwano.”

Ranar nan haka muka rabu, ba mu da komai sai sawu ɗaya da ƙullin kanwa. Sadakar bakwai kuwa sai matsowa take.

*

Washegari da hantsi ya buga min ƙofa. Tun asuba yake zagaya unguwar, yana faɗaɗa da'ira, har ya tsinci mutuminsa a busasshen rafin da ke arewa da mu, inda yashi ke da laushi.

“Ga shi nan yana zuwa, ga shi yana komawa. Dubi takun, gajere, dama ta fi nutsewa. A nan ya gaji ya ajiye kayan ya mayar da numfashi.”

Na duba inda sandarsa ke nunawa. Wata zagayayyiyar shaida ce a yashi, ba ta fi gindin butar shayi ba, amma ta nutse sosai.

“Wannan ne ya hana ni karyawa,” in ji Dogo. “Abu ƙarami haka, ya danne ƙasa kamar rabin buhun dawa. Dutse ba ya yi. Ƙarfe ma ba ya yi.”

“Dalma tana yi,” na ce.

Muka ci gaba da bi. Sawun ya ƙare a bakin kwalta, inda wata mota ta tsaya. A nan wata mai shayi take, a gindin bishiya. Muka zauna a kan kujerunta, ta zubo mana shayi.

“Ustaza, kin ga wani abu. Faɗa min da Hausar mutane.”

Na ɗaga kofin na ce, “Kofin nan, da hannunka, da duk abin da ka sani, da 'yan ƙwayoyi aka gina su waɗanda ido ba ya gani. Zarra ake ce musu. Kowace zarra tana da cibiya, a cibiyar kuma abu iri biyu ne a dunƙule, furoton da niyutron. Yawan furoton shi ke faɗa maka wane abu ne, zinariya ce ko dalma. Niyutron kuwa yakan ƙaru ko ya ragu, abin bai sauya suna ba. Irin waɗannan su ne aisotof.”

“'Ya'yan mutum ɗaya, wani ya fi wani nauyi.”

“Kamar haka. To a cikinsu akwai wanda nauyin bai zauna masa ba. Cibiyarsa ba ta da natsuwa, wata rana sai ta rikiɗe ta harbo wani haske. Ba a ganinsa, ba shi da wari, ba ka jin ya taɓa ka. Yana ratsa tufa da nama ya kai ga ɓargo, inda ake yin jini. In abin na manne da fata, sai ya cinye wurin a kewaye, daga ciki.”

Dogo ya ajiye shayinsa. “Kamar kwankwason yarinyar.”

“Masu aikin bututu suna da irinsa. In an yi walda, da shi suke ɗaukar hoton cikin ƙarfen su ga ko akwai tsaga. Shi kansa bai kai kan ɗan yatsa ba, yana bakin wata 'yar igiyar ƙarfe. Amma dalma ce ke tare haskensa, shi ya sa gidansa sai ƙato ke ɗauka.”

“Yana mutuwa?”

“A hankali. Sai ya yi wata biyu da rabi kafin rabin ƙarfinsa ya tafi, sannan rabin abin da ya rage, haka haka.”

“Sawunsa fa?”

“Ba ya bari a ƙasa. A jikin mutane yake bari.”

Ya dubi inda motar ta tsaya. Can ya ce, “Ke nan wanda ya zo da tukunyar dalma ya san abin da ke cikin ɗakin. Ya sani tana kwance tana ruɓewa.”

Na ce, “Direban kamfanin bututu ɗaya ne a gidan.”

“Kada ki faɗi suna. Direbobi sun yi yawa a garin nan, kuma in kika faɗa idona zai fara ganin abin da kike so. A share min fili, kowa ya taka.”

*

Da yamma na haye gada zuwa Khartum wurin Ni'mat, tsohuwar ɗalibata da ke koyarwa a jami'a. Ta yarda ta zo da na'urar da ke ƙara in ta ji wannan haske.

Ranar sadakar bakwai, bayan an shafa fatiha, kafin mutane su watse, Jibrin ya roƙi ubansa alfarma ɗaya: a bar Ni'mat da Dogo su yi bincikensu. Malam ya ɓata rai, amma ya ce a yi a gama. Ni'mat ta shiga ɗakin jego da na'urarta ta zagaya. Shiru, sai ɗan ƙwas jefi-jefi, wanda ta ce ko'ina a duniya ana jinsa. Wani daga baya ya ce, “To ga boko ma ya ce babu komai.” Aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Dogo bai kula su ba. Ya sa aka share ƙofar gida, aka yayyafa yashi. Mazan gidan da na maƙwabta, har da Mainasara da ya zo sadaka, kowa ya taka ya wuce. Gogo na zaune a bakin zaure cikin mata, ba wadda ta matsa kusa da ita.

Dogo ya bi layin sawun a duƙe, ya dawo, ya sake bi. Sai ya ɗago ya ce, “Kai mai farar jallabiya, sake takawa. Wannan karon kada ka matse ƙafar hagu, tafiyar ba taka ba ce.”

Jafaru ya ce, “Ni? Ina hanyar Kosti ranar, kowa ya sani.”

“Ƙila motarka na hanyar Kosti. Ƙafarka tana rafin arewa. Ɗauki waccan jarkar ruwan a hannun dama ka wuce.”

Jafaru bai motsa ba. Tun da aka fara hannunsa na dama ke cikin aljihu. Malam Lawal ya dube shi ya ce, “Ɗauki, mana.” Da ya ciro hannun, yatsu uku a naɗe suke da tsumma, tsumman ya jiƙe.

“Lagireto ne ya ƙona ni, Baba.”

Na ce, “Yaushe? Ƙunar lagireto warkewa take yi. Taka kullum ƙaruwa take, ko ba haka ba?”

Sai ya zauna daɓas a kan yashin da aka share.

Abin da ya faɗa bai da tsawo. Ya ga tukunyar a bayan mota, ya ji nauyinta, ya ce dalma ce zai sayar wa 'yan gwangwan. Ya kawo gida ya buɗe ta a bayan ɗaki, wata 'yar igiyar ƙarfe mai ƙyalli a baki ta faɗo. Ya jujjuya ta, ya ga ba ta da amfani, ya ɗora a kan taga. Washegari Sakinatu ta haihu. Sai daga baya, da kamfani ya tara ma'aikata hankali a tashe ana bayanin abin da ya ɓata da abin da yake yi wa mutum, ya gane. Ya dawo ya duba taga, babu. Ya ga matar wansa ta fara amai, ya san yana cikin ɗakin. Amma ɗakin jego ne, cike da mata, namiji ba ya shiga.

Jibrin ya ce, “Ba ka da baki ne? Ni ba ka iya gaya min?”

“Yaya, ɗaure ni za su yi.”

Sai da maza uku suka riƙe Jibrin. Malam Lawal ko motsi bai yi ba.

Ni'mat ce ta katse hayaniyar. “Yanzu yana ina? Ka mayar da shi cikin tukunyar?”

“Ban same shi ba. Wallahi na duba ko'ina, ban same shi ba.”

Kowa ya juya yana duban ƙofar gidan. Sai na ji muryar Gogo, a sanyaye, kamar mai tambayar farashin albasa.

“Wai wani ɗan ƙarfe mai kama da abin sa kwalli?”

Na juya. “Yaya, kin gan shi?”

“Ai ni na ɗauka a taga. Mai jego ba ta zama ba ƙarfe a jikinta, iska na shafarta. Wuƙa na kan jariri, sai na ga wannan, mai kyau, ba tsatsa. Na sa zare na ɗaura mata a ƙugu. Da wurin ya yi ja na ce gurza ta yake, na mayar da shi hagu.”

“Don me ba ki faɗa min ba?”

“Kin tambaye ni ruwa da kanwa. Ƙarfe kuma abin faɗa ne? Kowa na ɗaurawa.”

Gaskiyarta. A wurinta kamar a tambaye ta ne ko ta yi bisimilla.

“Yana ina yanzu, Gogo?” in ji Ni'mat.

“Da za a kai ta asibiti na kwance, don likitoci faɗa suke in sun ga irin wannan.” Ta dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya. “Jaririn da ba ya hannun uwarsa ya fi kowa buƙatar tsari. Na kai gidan Awadiyya. Na ɗaura a ƙafar gadon yaron.”

*

Tun daga bakin lungun Awadiyya na'urar ta fara ƙwas-ƙwas, kafin mu kai ƙofa ta koma kuka ɗaya mara yankewa. Ni'mat ta tare kowa da hannu. Jibrin ya ture ta ya shiga, ya fito da ɗansa a kafaɗa da 'yar Awadiyya a ɗaya hannun, uwar na binsa tana tambayar abin da ya faru. Aka kwashe mutanen lungun kaf. Jafaru ya nuna inda ya ɓoye tukunyar, kafin la'asar ma'aikatan hukuma suka zo da dogon awartaki suka tsinke zaren.

Yaron ya rayu. Sa'arsa ɗaya, Awadiyya mace ce mai son goyo, ba ta cika ajiye shi a gado ba. An daɗe ana ɗibar jininsu su uku, kuma likitoci ba su yi mana alkawarin komai game da gaba ba. Jafaru ya rasa yatsun, ya kuma tafi gidan yari.

Gogo ba wanda ya kai ta ko'ina. 'Yan sanda suka ce ba ta da laifi. Malam Lawal ya tako har gidana neman gafara, ya tsaya a tsakar gida yana sallama, ba ta fito ba. Da ya tafi na shiga na ce, “Yaya, an wanke ki. Kowa ya san ba ruwanki ba ne ya kashe ta.”

Ta daɗe tana kallon tafin hannunta.

“Lokacin da suke cewa ruwa ne, na san ƙarya suke, ina barcina lafiya. Ko sun ɗaure ni zan yi barci. Yanzu fa, Kubra?”

Na karanta abubuwa da yawa, babu wannan a ciki.

Ta zauna da ni har aka yi arba'in ɗin Sakinatu, ba ta ƙara hura wutar ruwan kowa ba. Wata safiya na dawo daga cefane na tarar ta naɗe tabarmarta ta jingine, ta ɗauki buta da mayafi ɗaya. Ba ta gidanta, ba ta wurin dangi a Jazira.

Dogo ya zo da kansa da ya ji. Ya tsaya a ƙofata yana duban ƙasa.

“Ga ta nan, Ustaza, sabo ne. Ta yi yamma, a hankali take tafiya, ba ta waiwaya ko sau ɗaya ba. In kina so, kafin azahar na kai ki inda take.”

Na dubi inda yake nunawa. Ni ban ga komai ba sai yashi.

“In ka kai ni, me zan ce mata?”

Ya jira ko zan ƙara wani abu. Da ya ga ban ƙara ba, ya saɓa sandarsa ya koma kasuwar dabbobi.